Maɓallin da Inna ta yarda ta rataya

Wajen awa biyar Inna ta yi a kwance a ƙasan bandaki, wayarta kuma tana kan gado, tsakaninsu bai kai taku goma ba. Ta ce tana jin ƙararta duk lokacin da na kira. Sau huɗu na kira. Na farko na ce ƙila barci ne ya ɗauke ta, na biyu na ce ta leƙa maƙwabta, na uku ina tsakiyar aiki ban ma tsaya tunani ba. A na huɗu ne gabana ya faɗi, na ajiye abin da ke hannuna na kama hanya.

Shekarunta 79 a lokacin. Tun rasuwar Baba take zaune a gidanta, jikanta ɗan Yaya yana kwana tare da ita, amma da sassafe yake fita, sai yamma. Ranar ta shiga wanka bayan fitarsa, ta sunkuya ɗaukar sabulu, tana ɗagowa jiri ya kwashe ta, ƙafa ta zame a kan jiƙaƙƙen tayil. Ta yi ta ƙoƙarin tashi, gwiwa ta ƙi. Ta yi kira har muryarta ta dushe. Da na tura ƙofar na tarar jikinta ya yi sanyi ƙalau, leɓɓanta sun bushe, ta jawo tawul ta rufa. Abin da ta fara ce mini shi ne, "'Yar nan, kin zo? Kada ki yi kuka, ban karye ba."

Gaskiyarta, ba ta karye ba. Hoton ƙashi bai nuna komai ba. Amma sai da ta kwana huɗu a asibiti ana ƙara mata ruwa, don gwajin jini ya nuna ƙodarta ta taɓu. Likitan da ya duba ta ya zaunar da ni ya ce faɗuwa daban, daɗewa a ƙasa daban. Idan tsoho ya wuce awa ɗaya a kwance a kan abu mai tauri bai iya juyawa ba, naman jikin da ya danne yakan fara lalacewa, ya saki wani sinadari cikin jini wanda ke wahalar da ƙoda. Ga ƙishirwa, ga sanyi, ga gyambon kwanciya, wani ma har ciwon huhu ya biyo baya. Ya duba magungunanta na hawan jini, ya ce jirin da ta ji yana iya zama saukar jini ne lokacin miƙewa, ya rage mata ɗaya. Daga nan ya tambaye ni, idan ta sake faɗuwa gobe, ta yaya wani zai sani? Na yi shiru, don ba ni da amsa.

A dararen nan huɗu da na yi a gefen gadonta na karanta abin da ban taɓa damuwa da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. A cikin waɗanda suka kai 65, kusan ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya faɗi sau ɗaya kuma ya fi kusa da sake faɗuwa, wani ɓangaren ma don tsoro ne: yakan rage motsi, ƙafafu su ƙara rauni. Na ga hakan da idona bayan an sallame mu. Inna da ba ta iya zama wuri ɗaya, sai ga ta tana bin bango.

Yaya ya ce ta tattara ta dawo gidansa. Ni ma na ce ga ɗaki a wurina. Ta saurare mu tsaf, sannan ta ce a gidan nan ta yi shekara arba'in da wani abu, ta san inda komai yake ko cikin duhu, maƙwabtanta ƙawayenta ne, ba za ta je ta zama baƙuwa a ƙarshen rayuwarta ba. Yaya ya ji haushi. Ni kuwa na fahimce ta, ko da yake tsoro bai bar ni na faɗa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta fara ba ni labarin na'urar neman agaji: ɗan maɓalli da tsoho ke ratayawa a wuya ko ɗaurawa a hannu, idan ya danna sai kira ya tafi wurin wanda zai kawo ɗauki. Ashe ma abin ya daɗe, tun a 1974 wani malamin jami'a a Amurka, Andrew Dibner, ya kafa kamfanin yin irinta. Ban tsaya dogon bincike ba. A mako guda na saya, na kai, na jona akwatin da ke karɓar siginar maɓallin a falo, na rataya mata maɓallin da hannuna. Ban tambaye ta komai ba. Ta ce Allah ya yi mini albarka, na koma gida na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Sauri ya haifi nawa. Bayan wata biyu ta fita bayan gida kwashe shanya, ƙafarta ta harɗe da tiyon ban ruwa, ta zauna daɓas ta kasa tashi. Allah ya sa maƙwabciyarta tana waje, ta ji kiran bayan kamar minti ashirin. Da na iso na duba wuyanta, babu komai. Maɓallin yana rataye a jikin gado. Na ɗauko shi na je daidai inda ta faɗi na danna, akwatin bai amsa ba. Nisan da aka rubuta a jikin kwalin na fili ne fetal. Bango biyu da ƙofar ƙarfe sun cinye fiye da rabinsa. Wato ko da ta rataya, a wurin ba zai yi aiki ba.

Daren nan na kwana a wurinta. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta na ce, "Inna, don Allah ki gaya mini gaskiya, me ya sa kika cire?" Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta fara lissafo mini. Yana da nauyi, yana bugun ƙirjinta idan tana tafiya. Jan maɓallin ƙato ne, duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, ita kuma ba ta son a riƙa kallonta kamar wadda ta gama. Rannan ta juya cikin barci ta danne shi, murya ta tashi a falo da ƙarfi tsakar dare, ta firgita, ta kuma ji kunyar mutumin da ta tayar a banza. Idan za ta yi wanka tana cirewa don kada ruwa ya lalata mini kuɗina. Sai ta ce abin da ya fi taɓa ni: "Ko yana wuyana ma, ban san ko zan danna ba. Kuna da ayyukanku. Ba na so in zama mai tayar muku da hankali."

Daga baya na ci karo da wani bincike da aka yi a Kambirij ta Ingila kan tsofaffin da suka haura shekara 90, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2008. Yawancinsu suna da na'urar kira a gida, amma a mafi yawan faɗuwar da ta kai ga daɗewa a ƙasa ba a yi amfani da ita ba. Wasu ba ta jikinsu, wasu tana jikinsu suka ƙi dannawa, suna so su tashi da kansu. Da na karanta sai na ji kamar maganar Inna aka rubuta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuma na je na yi gyara ban tambayi mai ɗakin ba.

Karo na biyu tare muka yi zaɓen. Na kawo takardun kamfanoni uku, ina karantawa tana tambaya, abin da ba mu gane ba mu kira su a waya, ita ke riƙe da wayar.

Abin da muka fi daɗewa a kai shi ne wanda zai amsa. Akwai na'urorin da ke kiran lambobin iyali kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya, ba a biyan kuɗin wata. Akwai kuma masu cibiyar amsa kira, inda ma'aikaci ke zaune dare da rana, ya yi magana da tsohon, ya ji abin da ya faru, sannan ya kira dangi ko maƙwabci ko motar asibiti. Yaya ya so ta farko, ya ce mu ne 'ya'yanta, mu ya kamata mu amsa. Na tuna masa ni ce na ga shirunta sau uku ban motsa ba. Wayata takan mutu, nakan shiga taro, nakan yi barci mai nauyi. Wata matsalar kuma, idan kiran ya faɗa akwatin saƙon murya, wasu na'urorin sukan ɗauka an amsa, sai dai idan irin wadda ke neman mai amsawa ya danna lamba ce. Ita kuwa Inna dalilinta daban ne. Ta ce ta fi sakin jiki ta danna idan ta san wanda zai ɗauka aikinsa ke nan, ba daga barci ko aiki ta fizgo shi ba. Wannan maganar ce ta yanke hukunci. Muka tambayi kowane kamfani daƙiƙa nawa suke ɗauka kafin su amsa, da abin da suke yi idan mutum ya danna amma bai iya magana ba, da kuma ko akwai mai jin harshenta a kowane lokaci. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Mutum a cikin ciwo da firgici harshen uwarsa yake komawa.

Sai batun ta gida ko ta yawo. Ta gida ita ce irin wadda na fara saya: akwati mai lasifika, da maɓallin da ke tura masa sigina. Amfaninta batirin maɓallin yakan yi shekaru ba caji. Illarta, tana da iyaka, kuma lasifikar tana jikin akwatin, idan ta faɗi a bandaki ƙofa a rufe ba lallai a ji muryarta ba. Ta yawo tana ɗauke da sim ɗinta da lasifikarta a jikinta, tana kuma nuna inda mutum yake ta hanyar tauraron ɗan'adam, amma sai an riƙa yi mata caji, wata kullum, wata bayan 'yan kwanaki. Inna tana fita asibiti da ziyara, tana kuma yini a bayan gida wurin shukokinta, don haka ta yawo muka ɗauka. Kafin mu biya na nemi a ba mu ta gwaji. Muka zaga da ita kowane lungu: bandaki da ƙofa a rufe, bayan gida, ɗakin ajiya, bakin ƙofar waje. A wuri ɗaya sabis ya yi rauni, muka canza zuwa wadda ke aiki da wani layin. Na kuma tambaya wane zangon sadarwa take amfani da shi, don na karanta cewa lokacin da kamfanonin waya na Amurka suka rufe 3G a 2022, tilas aka sauya wa mutane da yawa tsofaffin na'urorinsu.

Jikanta ya kawo shawarar agogon zamani, ya ce Apple Watch tun 2018 yake gane faɗuwa. Gaskiya ne, kuma ga wanda ya saba da irin waɗannan kaya yana da kyau, ba ya nuna tsufan kowa. Inna ta gwada na wani ɗan'uwa na minti biyar ta miƙa masa abinsa. Rubutun ƙanana ne, yatsunta masu sanyin ƙashi ba sa bin gilashin, kuma kusan kullum sai an cire an yi caji.

Kan gane faɗuwa da kanta na fi yin tambayoyi, don nan na sa raina. A cikin na'urar akwai abin da ke auna saurin motsi da girgiza, wasu har da canjin tsayi daga ƙasa. Idan ta ji an yi ƙasa da sauri, an bugu, sannan an yi shiru ba motsi, sai ta kira da kanta. Wannan rahama ce ga wanda ya suma ko ya bugu a kai. Amma wata ma'aikaciya ta gaya mini gaskiya, na kuma gode mata: babu na'urar da ke kama kowace faɗuwa. Tsofaffi da yawa ba rikitowa suke yi ba, sulalewa suke yi a hankali a jikin bango ko gefen gado, na'urar kuma ba ta ganin wannan a matsayin faɗuwa. Takan kuma yi kiran ƙarya idan mutum ya zauna da ƙarfi ko abin ya suɓuce ya faɗi. Mun ɗauki mai wannan fasahar duk da ƙarin kuɗin wata, amma na riƙa nanata wa Inna cewa in dai hannunta na motsi, ta danna, kada ta jira.

Sauran abubuwan ba su ɗauke mu lokaci ba. Mun duba an rubuta IP67 a jiki, ma'ana tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30, na kuma tsoma ta a kwano a gaban Inna don ta yarda ta shiga wanka da ita. Igiyar wuyan irin mai tsinkewa da kanta ce idan ta maƙale, don kada ta shaƙe mutum. Da yake wasu suna da maganaɗisu a maɗaurinsu ko wurin caji, duk mai na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji ya tambayi likitansa tukuna. Inna ba ta da ita. Yarjejeniyar kuwa na karanta ta layi-layi. Kamfani ɗaya na ajiye takardarsa gefe saboda yana so ya ɗaure mu shekaru, da tara idan an fasa, kuma mai tallan ya yi ta tsorata Inna da labaran mutuwa don mu sa hannu a ranar. Mun zaɓi na wata-wata, wanda za a iya dainawa a mayar da kaya. Launi da siffa kuwa ita ta zaɓa: ƙarama, ruwan toka, tana shigewa ƙarƙashin riga ba wanda ya gani.

Akwai abin da ba ya cikin kwalin, kuma sai da maƙwabciyar nan ta ankarar da ni. Ta ce, "To idan an kira ni, ta ina zan shiga? Innarku tana kulle ƙofa ta ciki." Muka kafa ɗan akwatin makulli mai lambobin sirri a gefen ƙofa, cibiyar tana da lambar, tana ba wanda ta tura. Inna ta daina sa sakata, muka cire makullin bandaki gaba ɗaya. Muka ba cibiyar sunayen mutum huɗu bisa kusancin gida, ba bisa girma ba: maƙwabciya, jikan, ni, sannan Yaya. Yaya ya ɗan ji wani iri da ganin sunansa a ƙarshe, amma tafiyar minti arba'in ce tsakaninsu. Muka kuma ba su jerin magungunanta da cututtukanta. Na roƙi maƙwabciyar da bakina, na kuma bayyana mata cewa kira na iya zuwa ƙarfe uku na dare. Ta ce ko ƙarfe nawa ne.

Caji muka ɗaura shi da abin da ba ta mantawa. Bayan ta sha maganin safe tana zama a kujera ta saurari labarai a rediyo, a lokacin take ɗora na'urar a kan mazauninta, a kan teburin da hannunta ke kaiwa, ta mayar wuya kafin ta miƙe. Da dare da ita take kwana, don tashin dare zuwa bandaki yana cikin lokutan da suka fi haɗari. Muka kafa ƙarfen riƙewa a bandaki, muka shimfiɗa tabarmar roba mai hana santsi, muka sa ƙananan fitilu a hanya, muka naɗe dardumar da gefenta ya tashi. Likita ya tura ta wurin masu gashin ƙashi, suka koya mata motsa jiki na ƙarfafa ƙafa, da yadda ake tashi daga ƙasa: a juya gefe, a durƙusa a kan hannu da gwiwa, a rarrafa zuwa kujera mai ƙarfi.

Tsoron dannawa shi ya fi wuyar cirewa. Makon farko kullum sai na sa ta danna ina zaune. Ma'aikatan suka riƙa ce mata gwaji ba damuwa ba ne, sun fi son kira goma na kuskure da guda ɗaya da ba a yi ba. Rannan ta danne shi da gwiwar hannu tana gyaran gado, murya ta tambaye ta ko lafiya, ta ce kuskure ne, aka yi mata fatan alheri aka kashe. Ta kira ni tana ba ni labari, na ji muryarta a sake.

Wata tara bayan haka, ƙarfe uku da 'yan mintuna na dare, wayata ta yi ƙara. Cibiyar ce. Inna ta tashi za ta bandaki, ƙafa ta ƙi ɗaukarta, ta sulale a gefen gado ta maƙale tsakanin gadon da durowa. Na'urar ba ta gane faɗuwa ba ce, kamar yadda aka faɗa mana. Jikan yana ɗakinsa can ƙarshen gida, fanka na kaɗawa, bai ji kiranta ba. Ita ta danna da kanta. Ma'aikaciyar ta tsaya a kan layi tana mata magana, ta tambaye ta ko ta bugu a kai, ko akwai inda ba ta iya motsawa, yayin da abokin aikinta ke kiran mutanenmu. Maƙwabciya ta buɗe akwatin makulli ta shiga, ta tayar da yaron. Kafin in iso sun zaunar da ita a kujera, an lulluɓe ta da bargo. Minti goma sha biyu ta yi a ƙasa. Da safe muka kai ta aka duba, ba abin da ya same ta sai ɗan kumburi a cinya. A mota ta ce mini ta ɗan tsaya tunani kafin ta danna, ta ce bari ta gwada tashi sau ɗaya, da ya ƙi sai ta tuna da bandakin nan.

Yanzu shekarunta 82. Ranar ɗaya ga kowane wata ita ke gwajin da kanta, ta ce musu, "Ni ce, gwaji nake yi," su gaisa. Sau biyu a 'yan watannin nan na tarar da na'urar a kan mazaunin caji da rana tsaka, ta manta ba ta mayar ba, kuma satin da ya wuce ta tambaye ni abu ɗaya sau uku. Na roƙi cibiyar su riƙa turo mini saƙo idan na'urar ta daɗe a kan caji ko batirinta ya yi ƙasa. Na kuma karɓar mata ranar ganin likita kan mantuwar. Na gaya mata dalilin tun kafin in karɓa, ta ce mu je, amma in zo da wuri don ba ta son jira.